Amsar Maigida: Ta Ina Ake Koyon Nuna wa Yaro Sana'a?

Ɗana, na saurari saƙon da ka turo har ƙarshe, kuma na yi maka murna. Ka ce an ɗauke ka a cibiyar matasa ta nan Tawa, ka riƙa zama da yaran da suka bar lakwal da waɗanda suka dawo daga biɗa, kana taimaka musu su zaɓi sana'ar da za su koya. Ka ce kai walda ka sani, yanzu ga shi an ba ka tebur da kujera da tulin takardun tambayoyi, yaro ya zauna gabanka ka rasa ta ina za ka ɓullo masa. Kana tambaya ko sai ka je Yamai ka yi kwas kafin ka iya.

In kwas ya samu, ka yi. Takarda tana da ranarta, musamman ranar da za a yi maganar albashi. Amma abin da ya hana ka barci ba a cikin aji za ka same shi ba. Wannan aikin duk mai shago yana yin sa tun kafin a buɗe masa ofis. Uba ya riƙo hannun ɗansa ya ce, "Maigida, ga amana," kai kuma kafin wata ya mutu ka san ko yaron na ƙarfe ne, ko gara a miƙa shi wurin tela ko mai gyaran babur. Ba da tambaya muke ganewa ba, aiki muke sa shi mu koma gefe. Kai ma da aikin hannu za ka koyi naka, kuma kai ne za ka fi yaran shan wahala a ciki.

Takardun nan kada ka yar da su, suna da amfani wajen sanin sunan yaro, ajin da ya tsaya da wanda yake ci da shi. Sai dai in ka tambayi yaro ɗan shekara goma sha shida abin da yake so ya zama, abu uku zai gaya maka: ko abin da ya ga wani ɗan unguwarsu ya sayi babur da shi, ko abin da yake zaton kana so ka ji, ko sana'ar da ya ji an ce masu furoje suna raba kayan aikinta. Shi ya sa rabinsu za su ce gyaran waya, sauran su ce tuƙi. Ba ƙarya suke yi ba. Ba su taɓa riƙe komai da hannunsu ba ne, balle su san ko suna so.

To ga abin da za ka fara da shi. Tara yara kaɗan, kada su wuce abin da idonka zai iya bi, ka kawo su shago ranar da aiki ya yi sauƙi. Injin walda naka ne kai kaɗai, kada wani ya taɓa. Ba su guntayen ƙarfe, mita, alli, zarto da magagari, ka ce kowane biyu su fitar da firam ɗin ƙaramar taga, santimita 60 a faɗi, 80 a tsawo. Nuna musu sau ɗaya, a hankali. Daga nan sai ka nemi benci ka zauna, ka kame bakinka. Na san ka, hannunka zai yi ta ƙaiƙayi ka karɓe zarton ka gyara musu. Kada ka karɓa. In ka karɓa, ka rufe wa kanka ido.

Ga abin da za ka gani. Akwai wanda zai auna, ya sa alli, ya sake aunawa kafin ya ɗora zarto. Akwai wanda zai riga kowa gamawa, ƙarfensa ya gaza da yatsa guda, ya tura guntun ƙarƙashin tebur da ƙafa yana satar kallonka. Kada ka yi masa faɗa, ka dai duba ko zai dawo ya nemi wani ƙarfen ko zai lanƙwasa abin ya ce ya yi. Akwai wanda ba zai taɓa zarto ba sam, amma shi ne zai raba wa sauran aiki, ya riƙe mita, ya tuna wanda ya ɗauki alli. Akwai wanda zai matso kusa da kai ya ce, "Wai nawa ake sayar da irin wannan?" Wannan ɗan kasuwa ne, ko ya koyi walda a ƙarshe shago zai buɗe ya ɗauki ma'aikata. Akwai kuma wanda da zarar an kunna injin yankan ƙarfe sai ya toshe kunne ya ja da baya. Ba ragwanci ba ne, jikinsa ne ya ba ka amsa, ka karɓa.

In sun jera ƙarafan a ƙasa, kafin ka ɗosa musu wuta, nuna musu dabarar nan da na nuna maka: a ja mita daga wannan kusurwa zuwa wadda ke kallonta. In faɗi 60 ne, tsawo 80, dole tsakanin ya ba da 100 cif, ta nan da ta can. In bai ba da ba, tagar ta karkace ko da ido bai gani ba. Yayin da kake faɗa, fuskokinsu za ka duba, ba mitar ba. Yawanci za su gyaɗa kai kawai. Amma wani lokaci sai ka ga ɗaya ya tsaya cak, ya karɓi mitar ya sake ja da kansa, ya ce, "To in ƙofa ce fa, nawa zai ba da?" Wannan yaron ka rubuta sunansa da jan biro. Mai yiwuwa ya faɗi BEPC, jarrabawar ƙarshen kwalej, mai yiwuwa malamai sun ce ba ya ja, amma kansa yana ɗaukar lissafi in lissafin ya zo a jikin abu. Irinsa ake nema wa gurbi a makarantar fasaha, CET ko lise, ya karanta gini ko lantarki, kada a bar shi yana kankare tsatsa a shagona.

Wani mako kuma ka sauya musu kaya. Yadi da almakashi da allura. Waya da batir da ƙwan fitila da makunni. Kaburetan tsohon babur a kwance shi a mayar. Ɗan fili a yi kwamin albasa a daidaita shi yadda ruwa zai kwanta ko'ina. Yaron da ya ba ka haushi a ƙarfe sai ka ga ya zauna da allura har la'asar bai ɗaga kai ba. Kuma ko wane zaɓi aka yi, kada ka ɗaure shi tun ranar farko. Ka san ba ma zuba wa firam walda gaba ɗaya, sai mun ɗosa a kusurwa huɗu mun sake aunawa, don zafi yana jan ƙarfe. Haka za ka yi da yaro: kai shi wurin maigida gwaji na mako biyu ko uku, kowa ya san gwaji ne, yadda in bai yi ba za a ɓalle ba tare da an ji kunya ba.

Wannan na yara ke nan. Naka ya fi nauyi. Kai walda kaɗai ka sani, kuma mutum abin da ya sani yake tura mutane. In ba ka yi hankali ba, cikin shekara guda za ka cika Tawa da masu walda, kowa yana karya wa ɗan'uwansa farashin ƙofa. Don haka cire rigar ofis ka koma ɗan koyo. Zuwa da kai ya fi aike. Je wurin tela ka roƙi ya bar ka ka zauna 'yan kwanaki, ka yi guga, ka sa maɓalli, ka ɗinka ko da jakar matashin kai ce. Ka je masa ana saura kwana goma Salla ka ga yadda ake kwana a kan keke, ka koma masa bayan Salla da mako biyu ka ga yadda yake korar ƙuda. Je wurin mai gyaran injin ban-ruwa, can wajen Galmi ko Konni ko bakin tabkin Tabalak lokacin noman rani, ka ga yadda mai albasa yake tsaye a kansa don in injin ya kwana bai tashi ba shukar ta sha rana. Bi masu ɗora sola ka hau rufi da su. Yara suna jin labarin tashar hasken rana ta Malbaza, wadda aka buɗe a 2018 mai megawat 7, sai su ɗauka can za a ɗauke su aiki. Irin wannan tasha mutum kaɗan take ci. Aikin yana cikin gidaje da shaguna da lambuna: fanka, firji, famfon rijiya, batirin da ya mutu saboda an haɗa shi ba daidai ba. Wannan sai wanda ya bi su ya gani.

A kowane shago, bayan kun saba, tambayi maigidan abin da yake korar yaro a kansa, da wata nawa yaro yake yi kafin ya fara samun na sabulu, da watannin da shagon yake yunwa. Kada ka tambaye shi nawa yake samu, ba zai gaya maka ba, ni ma ba zan gaya maka ba. Sannan ka dubi jikinsa, don kowace sana'a da inda take cin mutum. Mu ido take ci, ka tuna daren da ka kwana kana hawaye don ka ɗaga gilashi ka leƙa wuta. Mai fenti da kafinta ƙirji, mai shimfiɗa tayil gwiwa, mai ɗinki baya da ido. Yaro mai asma ba a kai shi inda ake fesa fenti komai son da yake yi. Mai farfaɗiya ba a hawar da shi rufi, ba a tsayar da shi gaban injin da ke juyawa. Takardar ofis ba lallai ta tambayi wannan ba, uwa ce za ta gaya maka, ita ma sai ta yarda da kai.

Sai lissafi, wanda yawancin masu ba da shawara suke tsallakewa saboda yana sa gumi. Ɗauki littafi ranar Lahadi ka shiga kasuwa, ka rubuta kuɗin kayan da mutum yake buƙata in zai tsaya da ƙafarsa a kowace sana'a: keken ɗinki da dutsen guga, akwatin sifana, ƙaramin injin walda, har hayar rumfa. Sabo da na hannu, kowanne da farashinsa. In ka je Yamai ka leƙa Katako ka kwatanta. Bayan wata uku ka sake zagayawa, don farashinmu yana bin naira da halin da iyaka take ciki. Ɗauki ƙofa guda ka fasa ta a takarda: sandar ƙarfe mita 6 ce, guda nawa za ta ci, tol (falen ƙarfe) nawa, baget (sandar walda) nawa, fenti, makulli, wuta, abincin yara, me ya rage. Ka yi wa riga haka, ka yi wa gyaran babur haka. Kuma ka sa wuta cikin lissafi. Ba ka manta watan Agusta na 2023 ba, da Najeriya ta yanke mana lantarki bayan takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma: mai walda da ba shi da injin wuta zama ya yi yana kallon titi, mai keken ɗinki na ƙafa kuwa bai fasa aiki ba.

Ga ma'auni mai sauƙi. Tun Janairun 2024 mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. In ka fasa lissafin sana'a ka ga bayan an cire komai ba ta kawo ko kusa da wannan a watan da kasuwa ke tsaka-tsaki, to ka san saurayin da ka tura can ba zai zauna ba. Da kaka ta wuce zai ɗaure jaka.

Wannan ya kawo ni kan 'yan biɗa, kuma a nan Adar su ne rabin aikinka. Wanda ya dawo daga Abijan ko Libiya ko Aljeriya ba yaro ba ne, kada ka zaunar da shi kana tambayarsa burinsa. Sau da yawa da mata, da 'ya'ya, da bashin kuɗin mota a wuyansa. Ce masa ya nuna maka tafin hannunsa, ya buɗe maka hotunan da ke cikin wayarsa. Za ka ga wanda ya shekara uku yana yaɓen siminti ko shimfiɗa tayil ko aikin famfo a ƙasar mutane, amma in ka tambaye shi sana'arsa ya ce ba shi da ita, don ba wanda ya taɓa ba shi takarda. Nemi magini ya ba shi bango guda ya yaɓe, ka tsaya ka gani. Irin wannan ba ya buƙatar shekara biyu a CFM, cibiyar koyon sana'a, tare da ƙannensa. Gajeren horo yake buƙata, da shaidar da zai nuna, da wanda zai ba shi aikin farko. Je ofishin FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, da ƙafarka ka ji irin horon da suke ɗaukar nauyi, musamman wanda ake raba lokaci tsakanin shago da aji, da lokacin da ake karɓar sunaye. Je ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka yi kamar kai ne mai neman aiki, ka bi layin, ka san takardun da ake tambaya. In ka tura mutum ofis aka maido shi saboda ba shi da takardar haihuwa, kai zai ga laifi, ba zai sake dawowa wurinka ba.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne zaure. Ka gama gwaji, ka gama lissafi, yaro ya yarda, sai uba ya ce, "Mu ba maƙera ba ne." Ka san garinmu. Ƙira, fawa, wanzanci, jima, dukanci, har yau akwai gidajen da suke ganinsu gadon wasu ne, ba a shiga. Walda ta ɗan tsira saboda da lantarki ake yin ta, amma ita ma na sha ji. Kada ka yi gardama da dattijo a zaurensa, kuma kada ka je masa da takarda. Je da abin da ɗansa ya yi da hannunsa, murhu ne ko kujera ko riga, ka ajiye a gabansa bayan gaisuwa, ka ce, "Baba, ga aikin wane." Bar shi ya juya abin ya duba. Gani ya kori ji. In ya ƙi, ka yi godiya ka tashi, ka nemi kawun yaron ko limamin unguwa, ka dawo wani mako. Wani uban kuma ba gado ne damuwarsa ba, hannun da zai rasa a gona da damina ne. Wannan mai sauƙi ne, a yi magana da maigidan shago a saki yaron lokacin shuka da noma.

'Yan mata kuwa, kowa ɗinki yake tura su, kamar ba wata sana'a a duniya. Kafin ka ƙara ko ɗaya, zaga unguwar da take ka ƙirga kekunan da ke cikin gidaje, ka tambayi nawa ne suke aiki, nawa aka lulluɓe da zane aka ɗora kwanuka a kai. Akwai turkar raguna, kiwon kaji, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, busar da albasa da tumatir, gyaran waya wanda a zaune ake yi, har haɗa wutar sola. Sa su cikin gwajin waya da batir tare da kowa, za ka sha mamaki. Amma maganar yarinya da uwarta ake yi, in akwai wanda aka yi mata baiko da shi a san ra'ayinsa tun da wuri, kuma ka nemi mace cikin abokan aikinka ta raka ka. Kada ka zauna da 'yar mutane kai kaɗai a ofis a rufe ƙofa.

Wanda bai kai shekara 14 ba, dokar aiki ta 2012 ta hana a ɗauke shi ko da a matsayin ɗan koyo. Za a kawo maka su, iyaye za su roƙe ka. Nemi ajin da ake mayar da waɗanda suka bar karatu, ka kai shi can tukuna.

In ka ajiye yaro a shago, aikinka bai ƙare ba, a nan ma za ka fi koyo. Koma bayan mako guda, ka koma bayan wata. Kada ka tambaye shi lafiya a gaban maigidansa, zai ce lafiya lau. Dubi hannunsa: in fes yake, shayi da aike kawai ake sa shi. Mu masu shago ba waliyyai ba ne, akwai wanda zai riƙe yaro shekara yana wanke masa babur bai nuna masa ko riƙon guduma ba. Irin wannan ka janye yaronka cikin mutunci, kada ka sake kai masa wani. In yaro ya daina zuwa, bi shi gida kafin ka ce malalaci ne. Galibi abin da ya kore shi ƙarami ne: ba kuɗin karin kumallo, ko shagon ya yi nisa da ƙafa, ko wani babban yaro yana dukansa. Duk wannan ka rubuta a littafi, kowane yaro da shafinsa. Ka nemo kuma waɗanda aka horar shekarun baya, ka ji ina suke: wa ke aiki da abin da ya koya, wa ya sayar da keken da aka ba shi ya yi kuɗin mota. Kada ka zarge shi, tambaye shi dalili. Abin da zai gaya maka ba ya cikin rahoton kowa.

Kada ka yi wa kowa alkawarin kayan aiki ko jari in ba a hannunka suke ba. Kada ka karɓi ko goro daga mai shago don ka kawo masa yara. Abin da yaro ya gaya maka na gidansu kuma ya tsaya a cikinka.

Ranar Asabar aiki da sauƙi, bayan ƙofofin da za mu kai da safe. Kawo rukunin farko da hantsi. Gaya musu su sa takalmi rufaffe, ban da silifa, ban da rigar leda mai kama wuta. Guntayen ƙarfe suna nan bayan shago, zan sa a ware masu kauri ɗaya. Zarto biyu gare ni, ka aro ɗaya ka ƙara, ka sayo alli, ka zo da gilashinka don nawa ya tsage.